Tambaya da Amsa Kan Lafiya: Ina So In Bar Giya, Jikina Ya Ƙi Yarda

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara 11 ke nan ina shan giya a ɓoye. Kullum da yamma nakan sha manyan kwalabe biyar zuwa shida, yanzu kuma da safe sai na kora 'yar leda ɗaya kafin hannuna ya daina rawa. Bara na yanke ta lokaci guda, a kwana na biyu na faɗi ina jijjiga, aka ce iska ce. Na ƙudurta ranar da aka ga watan azumi zan bar ta har abada. Me kuka gani? Wani bawan Allah, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya ƙarfafa niyyarka, ɗan'uwa. Amma kada ka yanke ta kai kaɗai a ɗaki, kuma kada ka jira ganin wata. Abin da ya kayar da kai bara ba iska ba ce, ciwon yankewar giya ne, kuma yana iya kisa.

Giya birki ce ga ƙwaƙwalwa. Idan aka shekara ana taka birkin nan kullum, sai ƙwaƙwalwa ta riƙa ƙara totur don ta iya aiki. Ranar da aka ɗage birkin farat ɗaya, totur yana nan a matse. Shi ya sa tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe ake fara rawar hannu, zufa, tashin zuciya, bugun ƙirji da rashin barci. Jijjiga irin ta farfaɗiya takan zo cikin kwana biyun farko. Mafi haɗari shi ne abin da likitoci ke kira delirium tremens, wanda yakan bayyana a kwana na biyu zuwa na huɗu: mutum ya rikice, ya kasa gane inda yake, jiki ya yi zafi, ya riƙa ganin ƙwari ko macizai a bango. A nan ne iyalai da yawa ke ɓata kwanaki suna neman mai cire aljanu. A yi addu'a, amma a yi ta a bakin gadon asibiti.

Abubuwa biyu a wasiƙarka sun nuna kana cikin waɗanda dole a kwantar: shan safe don tsayar da rawar hannu, da jijjigar da ka taɓa yi. Wanda ya taɓa jijjiga, yankewa ta gaba takan fi ta baya tsanani.

A asibiti za a ba ka maganin kwantar da ƙwaƙwalwa mai suna diazepam ko makamancinsa, a riƙa rage shi a hankali cikin kwana biyar zuwa bakwai, har ƙwaƙwalwa ta sassauta da kanta. Idan hanta ta yi rauni akan zaɓi lorazepam. Za a yi maka allurar bitamin B1, wato thiamine, domin mashayi yakan rasa shi, kuma rashinsa na iya jawo ciwon mantuwa da sau da yawa ba ya warkewa. Za a auna sukari, gishirin jini da aikin hanta. Ka faɗa wa likita gaskiyar adadin da kake sha, domin da shi zai auna magani. Babbar kwalba mai santilita 60 tana ɗauke da kusan giram 24 na tsantsar barasa, ka ga shida sun haura giram 140 a dare ɗaya.

Sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana kusa da kai, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Na Sakkwato suna da na Kware, na Borno na Maiduguri, na Kano na Dawanau da Asibitin Malam Aminu Kano. Kunyar a gan ka a can kada ta hana ka, sirrin marar lafiya amana ce a wuyan ma'aikaci. Ka je cikin makon nan, don ka shiga azumi jikinka ya riga ya daidaita. Haɗa yunwar azumi da yankewar giya na iya zubar da sukarin jini. Kafin ka ga likita, kada ka tsayar da ita kwatsam. Kuma kada ka sayi diazepam a kemis ka yi wa kanka magani, haɗuwarsa da giya na iya tsayar da numfashi.

Ga na gida: idan ya fara jijjiga, a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa ciwo. Kada a cusa cokali a bakinsa, kada a ɗura masa ruwa ko manja. Da ta lafa a wuce asibiti, idan kuwa ta kai minti biyar ba ta tsaya ba, a ɗauke shi a haka.

Tambaya: Maigidana ya daɗe yana sha, yaranmu sun fara ganewa. Wata ta ce akwai ƙwayar da zan riƙa zuba masa a abinci ba da saninsa ba, giya ta fita daga ransa. 'Yan'uwansa kuma sun ce a kai shi gidan mari. Wata uwargida, Jos.

Amsa: Baiwar Allah, sannu da haƙuri. Ƙwayar da aka faɗa miki wataƙila disulfiram ce. Ba ta cire sha'awar giya. Abin da take yi shi ne hana hanta ƙarasa narkar da barasa, sai wata guba ta taru a jini. Wanda ya sha giya a kanta fuskarsa za ta yi ja, ya yi ta amai, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, hawan jini ya faɗi ƙasa. Mai ciwon zuciya yana iya mutuwa. Tasirinta kan kai mako ɗaya zuwa biyu bayan an daina shan ƙwayar. Likita ne kawai ke bayar da ita, ga wanda ya sani kuma ya amince. Kada ki zuba masa.

Mari kuwa ba ya magance komai. Ɗaure mashayi a ɗaki yanke giya ce ta ƙarfi ba tare da magani ba, wato haɗarin da muka bayyana a sama, ga duka da wulaƙanci a kai.

Ki yi masa magana da safe lokacin da yake cikin hayyacinsa, ba da dare yana buge ba. Ki ambaci abu takamaimai, kamar kuɗin makarantar da ya salwanta, maimakon gori. Ki nemo mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, yayansa ko aminin mahaifinsa, wanda zai raka shi asibiti kuma ya riƙe sirri. Ki daina yi masa ƙarya a wurin aiki ko biyan bashin mashaya. Idan yana dukanki ko yaran, ki fara kai kanku inda kuke da tsaro, sannan a yi maganar maganinsa.

Tambaya: Na yi wata huɗu ban sha ba, sai a bikin wani abokina na sha kwalba biyu. Yanzu ji nake duk wahalata ta tashi a banza. Kowace yamma ƙwalamar tana dawowa. Wani matashi, Yola.

Amsa: Wata huɗun nan suna nan, jikinka ya amfana da su. Abin tsoro shi ne ka ce tunda tulu ya fashe bari a ƙarasa, kwalba biyu su zama mako biyu. Ka faɗa wa wanda ya san halin da kake ciki yau ɗin nan, ka koma wurin likitanka.

Ƙwalama takan taso, ta yi ƙarfi, ta sauka, yawanci cikin rabin awa idan ba a biye mata ba. Aikinka ka tsallake wannan rabin awar. Ka lura da abin da ke tayar da ita. Huɗu sun fi yawa: yunwa, fushi, kaɗaici da gajiya. Tunda taka ta yamma ce, ka ci abinci mai nauyi kafin magariba, ka cike lokacin nan da abin da ke buƙatar ka je da ƙafarka, ko ƙwallo, ko karatu tsakanin magariba da isha'i, ko taron coci idan Kirista ne kai. Ka canza hanyar komawa gida idan tana bi ta gaban mashaya. Ranar albashi kada kuɗi mai yawa ya kwana a aljihunka. Idan biki ya zama dole, ka tafi da wanda ya sani, ka riƙe lemo a hannu, ka tashi da wuri. Ka shirya amsarka tun daga gida, gajeriya: "Na daina, likita ya hana."

Ka yi hattara da kwalaben bitas da jiƙe-jiƙen maganin basir ko ƙarfin maza da ake sayarwa a tasha. Da yawansu a barasa aka jiƙa su.

Akwai magungunan rage ƙwalama. Naltrexone, miligiram 50 sau ɗaya a rana, yana rage daɗin da ƙwaƙwalwa ke samu daga giya. Amma wanda ke shan tramadol ko kodin dole ya faɗa wa likita, domin haɗa su na jefa mutum cikin matsanancin ciwon yankewa nan take. Acamprosate kuma sau uku a rana ake sha, ya fi dacewa da mai raunin hanta, muddin ƙodarsa lafiya take. Rashin barci na iya ɗaukar makonni ko watanni kafin ya daidaita. Idan baƙin ciki ko fargaba ne suka sa ka fara sha tun asali, a yi maganinsu, in ba haka ba su za su mayar da kai.

Tambaya: Hantar wanda ya daina sha tana komawa daidai? Wani mai karatu, Maraɗi.

Amsa: Ya danganta da inda ɓarnar ta kai. Kitsen da giya ke tarawa a hanta yakan narke cikin 'yan makonni bayan an daina. Idan hanta ta riga ta ƙanƙance ta yi tabo, tabon ba ya gogewa, amma dainawa na hana shi ci gaba kuma tana ƙara tsawon kwana. Ka yi gwajin jini da hoton ciki, ka haɗa da gwajin ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a yankinmu kuma giya ke ƙara masa ƙarfi. Idan ka ga idonka ya yi rawaya, ciki ko ƙafa sun kumbura, ko ka yi aman jini ko baƙin bayan gida, ka tafi asibiti a ranar.