Tikitin Umara da fargabar annoba

Hajiya, kina tambaya ko ki sayi tikitin Umara tun yanzu, kina fargabar wata annoba ta sake rufe hanya. Fargabarki tana da hujja. A Maris 2020 Najeriya ta dakatar da jiragen ƙasashen waje saboda annobar korona, sai Satumba aka buɗe filayen jirgin saman Legas da Abuja. Saudiyya ma ta tsayar da Umara.

Inda mutanenmu a Kaduna ke shan wahala shi ne bin tikiti mai araha, wanda galibi ba a mayar da kuɗinsa. Ki sa ejan ya rubuta miki sharaɗin fasa tafiya a takarda, ki kuma tabbatar yana da lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa. Batun rigakafi kuwa, likita za ki gani.