Amsa ga malamar da ta gano kuskure a maƙalarta bayan an buga

Wa alaikumus salam, Malama. Kin ce maƙalarki ta fito wata takwas da suka wuce, yanzu da kike haɗa babi na huɗu na kundin digirinki na uku kin tarar alƙaluman jadawali na biyu ba su dace da ainihin bayanan da kika tattaro ba, kuma kina tsoron in kin sanar da mujallar a janye aikin, sunanki ya ɓaci. Ki kwantar da hankalinki, amma kada ki yi shiru.

Ni ma na taɓa shiga irin wannan. Shekarun baya ni da wani abokin aikina muka buga bincike a kan ruwan rijiyoyi, sai daga baya na lura mun musanya layi biyu, sakamakon damina ya koma gurbin na rani. Kwana uku ko abinci ba na jin daɗinsa. Abokin nawa ya ce mu bar kaza cikin gashinta, wa zai zauna ya duba? Ban yarda ba, na rubuta wa edita. Ya nemi ainihin bayananmu, ya tura wa ɗaya daga cikin masu tantancewa, bayan wata biyar aka buga gyara na rabin shafi aka liƙa shi da maƙalar. Da lokacin ƙarin girma ya zo, babu wanda ya ɗaga maganar.

Abin da edita zai tambayi kansa ɗaya ne: idan an gyara alƙaluman, shin hukuncin da binciken ya yanke yana nan? Idan yana nan, gyara za a buga, ko kuskuren daga marubuta ne ko daga masu ɗab'i. Idan kuwa gyaran ya rushe sakamakon, nan ne ake maganar janyewa. A tsakaninsu akwai sanarwar nuna shakku, wadda mujalla ke fitarwa idan ana zargi amma jami'a ba ta gama bincikenta ba. Yawancin manyan mujallu suna bin ƙa'idojin COPE, kwamitin ɗa'ar wallafa da aka kafa a Birtaniya a 1997, kuma ƙa'idojin sun fayyace cewa manufar janyewa ita ce tsaftace rumbun ilimi, ba hukunta marubuci ba.

Wani abu da ɗalibai da yawa ba su sani ba: maƙalar da aka janye ba a goge ta. Tana nan a shafin mujalla da tambarin janyewa a kanta, tare da sanarwa mai faɗin dalili da wanda ya nemi a janye. Shi ya sa nake cewa ki riga kowa magana. Sanarwar da ta ce marubuta ne suka gano kuskure suka kawo kansu daban take da wadda ta ce an kama su. Frances Arnold, wadda ta ci kyautar Nobel a fannin sinadarai a 2018, ta janye maƙalarta ta mujallar Science a farkon 2020 saboda an kasa maimaita sakamakon. Da kanta ta sanar a Twitter ta ba da haƙuri, kuma yabo ta sha.

Ki gwada wannan da na Andrew Wakefield. A 1998 mujallar likitanci ta The Lancet ta buga bincikensa a kan yara 12, wanda ya jawo zargin cewa wata allurar rigakafi na haddasa galahangar ƙwaƙwalwa ga yara. Sai a 2010 aka janye shi gaba ɗaya, a shekarar kuma aka soke lasisinsa na likita. Shekara 12 ke nan wasu iyaye suna gudun allura. Ita dai wannan mujallar, a 2020, cikin kusan mako biyu ta janye maƙalar amfani da maganin hydroxychloroquine a kan masu cutar korona, da kamfanin Surgisphere, wanda ya samar da bayanan binciken, ya ƙi bari a duba su. Saboda haka babu wanda zai iya ce miki ga iya tsawon lokacin da za ki jira.

Batun "wa zai duba" kuwa, yanzu akwai masu dubawa. A PubPeer, shafin intanet da ake tsokaci a kan maƙalun da aka buga, mutane na tona asirin jadawali da hotuna ba tare da bayyana sunansu ba. Kafar intanet ta Retraction Watch tun 2010 take bibiyar janye-janye, kuma rumbunta kyauta ne tun da Crossref, ƙungiyar da ke rajistar maƙalun ilimi, ta karɓe shi a 2023, shekarar da aka janye maƙalu sama da 10,000, akasarinsu daga mujallun kamfanin ɗab'i na Hindawi. Tun da kundi kike rubutawa, ki bi madogaranki ɗaya bayan ɗaya a wannan rumbun. Idan kina amfani da Zotero, manhajar tsara madogara, ita ma tana sa jan gargaɗi a kan wadda aka janye.

Kafin ki rubuta wa edita, ki fara zama da malamin da ke duba aikinki da duk wanda sunansa ke kan maƙalar, don bai kamata su ji labari daga waje ba. Ki sake lissafin tun daga tushe. Wasiƙar ta zama gajera: ga jadawalin da aka buga, ga na daidai, ga yadda kuskuren ya auku, ga tasirinsa a kan sakamako. Ban da dogon ban haƙuri.

Inda nake da fargaba shi ne idan mujallar irin masu karɓar kuɗi su buga cikin mako guda ce. Waɗannan ko dai su yi banza da ke, ko su ce ki turo sabon kwafi su maye gurbin tsohon a ɓoye. Kada ki amince da wannan, domin wanda ya riga ya sauke tsohon ba zai taɓa sanin an canza ba. Ki dage a buga sanarwar gyara mai kwanan wata, ki adana duk saƙonnin da kuka yi musaya, a babi na huɗu kuma ki sa alƙaluman daidai tare da bayanin bambancinsu da waɗanda aka buga, kafin mai jarrabawa na waje ya rigaye ki gani.