Mota na misin, fitilar inji ta kunnu: daga ina za a fara?

Tambaya: Ina da Toyota Corolla ƙirar 2006. Kwana uku ke nan tana karkarwa idan tana silo, in na taka totur sai ta riƙa fizga, ga fitilar inji ta kunnu a dashbod, wani lokaci har tana ƙiftawa. An ce in cire kan batir fitilar za ta mutu. Haka ne?

Amsa: Za ta mutu, Malam, amma za ta dawo, kuma ka goge shaidar da za ta nuna maka inda ciwon yake. Kada ka taɓa batir tukuna.

Abin da bakanikai ke kira misin shi ne silinda ɗaya ko fiye ta kasa ƙona manta a kan lokaci, ko don wuta ba ta zo ba, ko mai bai isa ba, ko matsi ya zube. Ƙiftawar nan ita ce abin tsoro. Tana nufin ɗanyen fetur na wucewa cikin salansa yana ƙonewa a katalis, abin nan da ake ce wa indomi, har ya narkar da shi. In ta fara ƙiftawa, rage gudu, ka nemi wuri ka tsaya.

A fara da sikana, na'urar da ke karanta lambobin matsala daga kwamfutar mota. Akwai soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, nan ake jona ta, a murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba. Idan ta nuna P0301 zuwa P0304, lambar ƙarshe ita ce silindar da ke da laifi, ana ƙirgawa daga gefen da bel yake. P0300 kuwa na nufin misin ɗin yana yawo.

A ce P0302 ta fito. Injin motarka kowane fulogi da koyil ɗinsa, mai ba shi wuta, a kansa, noti ɗaya lamba goma ke riƙe da shi. Bari inji ya huce, ka ciro koyil na biyu ka musanya shi da na uku, ka rubuta lambar da sikana ta nuna, ka goge ta, ka zaga da motar kamar minti goma. In ta koma P0303, koyil ne, sayi guda ɗaya kawai. In ta tsaya a P0302, yi wa fulogi irin wannan musanyar da soket lamba 16. Wannan gwajin ba ya cin ko kwabo, amma sau da yawa za ka ga an sa mutum ya sayi koyil huɗu a kan laifin ɗaya.

Ka leƙa ramin fulogin da tocila. In ka ga baƙin mai ya kwanta a ciki, gaskit ɗin murfin saman inji ne ke yoyo, kuma zai lalata robar sabon koyil in ba a canja shi ba. Shi ma bakin fulogin yana magana: baƙi ƙirin da toka-toka, mai ya yi yawa, jiƙe da fetur, wuta ce babu. Tazarar bakinsa milimita 1.1 ce, kuma na iridiyum ba a kankare shi da sanfefa. Fara ɗaura shi da hannu kafin ka sa sifana, domin kan injin alminiyom ne, zarensa ba ya jure gaddama. Ka kuma kiyayi jabun fulogi, sun cika kasuwa.

Koyil lafiya, fulogi lafiya? Saura nozul, mai fesa fetur, da matsi. A gwajin matsi kada wata silinda ta gaza 145 psi, kada kuma bambancin tsakaninsu ya wuce 15. In ba haka ba, zancen ya koma bawul, ringi ko gaskit ɗin kan inji.

Idan P0300 ce, musamman tare da P0171, mai nuna iska ta fi mai yawa, nemi tiyon iska da ya tsage ko famfon mai da ya yi sanyi. Ka kuma tuna ko matsalar ta fara ne bayan ka sha mai a wani wuri, don fetur mai ruwa na jawo haka.

Bayan gyara sai a goge da sikana. Ko ba a goge ba, kwamfutar motar kan kashe fitilar da kanta bayan tafiya uku a jere ba tare da ta sake ganin misin ba. In ta kunnu kuma cikin kwana biyu, a sake karanta lambar, ba lallai ta farko ce ta dawo ba.