Amsa ga Hajiya kan yawon ƙaramin jirgin ruwa a gaɓar Turkiyya

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce ke da Alhaji da yaranku biyu da suka tasa kuna son ganin tsoffin biranen bakin teku na Turkiyya da Girka, kina tambaya ko ƙaramin jirgi ya fi manyan nan masu ɗaukar dubban mutane, sannan kina fargabar jiri da batun abinci da salla. Na daɗe ina zaune a Turkiyya, kuma na sha shiga irin waɗannan jiragen, to ga abin da idona ya gani.

Idan kufai ne ya kawo ku, ƙaramin jirgi ya fi, nesa ba kusa ba. Amma ba kowane ƙaramin jirgi ba, kuma nan ne mutane suke asarar kuɗinsu. Jirgin da aka fi yawo da shi a gaɓar kudu maso yammacin Turkiyya sunansa gulet. Na katako ne, ana ƙera shi a Bodrum da Marmaris da Bozburun, yawanci ɗakuna 6 zuwa 8, ma'aikatansa kyaftin da kuku da yaro ɗaya ko biyu. Mafi yawan masu shigarsa Turawa ne da suka zo iyo da shan hantsi, don haka mafi yawan tafiye-tafiyen an tsara su ne daga wannan lungun ruwa zuwa wancan, a yi wanka, a ci abinci, a yi barci. Kufai a wurinsu ɗan ƙari ne, in lokaci ya ragu. Kada hoton jirgi ya ruɗe ki. Abin da za ki fara nema a wurin kamfani shi ne jerin wuraren da za a tsaya kowace rana, da awa nawa za a yi a ƙasa, da ko akwai jagora mai lasisi da zai bi ku. Idan suka fara kame-kame a kan jagoran, nemi wani kamfanin.

Dalilin da ya sa nake cewa ƙaramin jirgi ya fi shi ne, waɗannan biranen tun asali fuskarsu teku take kallo. Ƙofarsu ta gaba ita ce tashar jiragen ruwa, hanyar tudu kuwa bayan gida ce. Knidos ce ta fi nuna wannan. Tana can ƙarshen wani dogon tsiri na ƙasa da ake kira Datca, mai mota sai ya sha kwana-kwana a kan duwatsu kafin ya isa, yana isa a gajiye. Mai jirgi kuwa kai tsaye zai shiga tsohuwar tashar kasuwancin birnin, wadda ke ɓangaren kudu, a jefa anga a inda jiragen fatake suke tsayawa fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Kana zaune kana shan shayi, ga dandalin kallon birnin a gabanka a jikin tudu, ga matakalan tituna suna hawa. Ɗaya tashar, ƙaramar da ke arewa, ta jiragen yaƙi ce, wata 'yar siririyar ƙasa ce ta raba su. Da la'asar motoci suna watsewa, wurin ya zama naku ku kaɗai da awakin makiyaya. Daga wannan birni Sostratus ya fito, wanda ake danganta wa ginin hasumiyar fitila ta Iskandariyya. Babban zakin marmara da aka samu a kusa da nan kuwa Ingilishi suka ɗauke shi a 1858, yanzu sai mutum ya je Landan zai gan shi.

Sai dai Knidos wurin iska ne. Akwai wata iskar arewa da ke tasowa da zafin rani, ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta, kuma idan ta taso kyaftin ba ya jin roƙon kowa. Akwai tafiyar da wani kamfani ya rubuta mana Knidos ɓaro-ɓaro a takarda, ranar da za mu zagaya tsirin iska ta hana, muka kwana a wani lungu, washegari aka wuce. Ban ga laifin kyaftin ba, rai ya fi kallo. Laifin kamfanin shi ne ba su tanadi motar da za ta kai mu ta tudu ba, kuma ba su mayar da ko sisi ba. Ki tambaye su tun yanzu me suke yi idan iska ta hana a tsaya wurin da aka yi alkawari.

Wannan ya kawo mu batun jiri. Ku je a Mayu zuwa tsakiyar Yuni, ko daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba. Teku ya fi kwanciya, kuma rana ba ta gasa mutum a kan farin dutse. Kada ki ce ai mu 'yan ƙasar zafi ne. Hawa tudu a kufai da tsakar ranar Agusta, babu inuwa, marmara tana mayar wa mutum da zafi a fuska, ko ɗan Sakkwato sai ya nemi wurin zama. Gulet ba ya shiga tsakiyar teku, gefe-gefe yake bi, awa 3 zuwa 4 a rana, galibi da inji, duk da sandunan nan biyu na ɗaura ƙyallen kama iska da kike gani a hoto. Da dare kuwa a lungu yake kwana, an jefa anga ta gaba an ɗaure bayansa da igiya a jikin dutse, ruwa lumshe kamar babu. Wuri ɗaya da na san yana girgiza hanji shi ne tsakanin Fethiye da Kalkan, inda tsirarrakin duwatsu bakwai suka shigo teku. Kyaftin yakan tashi tun kafin asuba don ya wuce su kafin iska ta farka. Ranar ki sha maganin jiri tun dare, kada ki zauna a ɗaki, ki fito sarari ki riƙa kallon nesa.

Idan mako guda kuke da shi, ni hanyar Fethiye zuwa Kekova zan zaɓa muku. Yankin mutanen Likiya ne na dā, masu sassaƙa kaburbura a jikin dutse. A tsibirin Gemiler akwai kangayen coci-coci na zamanin Rumawan Gabas, da wata doguwar hanya mai rufi da ta hau tudu. Daga Kalkan za a ɗauke ku a mota zuwa Patara, domin tasharta yashi ya cinye ta tuntuni, jirgi ba ya iya tsayawa. A can akwai zauren majalisar tarayyar biranen Likiya, an gyara shi har mutum zai iya zama a kan kujerun dutsen, da hasumiyar fitila ta zamanin Sarki Nero. Kekova kuwa ita ce wurin da babban jirgi ba zai taɓa kai ki ba. Girgizar ƙasa ce ta nutsar da gefen wani gari a ƙarni na 2 na miladiyya. Jirgi zai bi gefen tsibirin a hankali, kina leƙa ruwa kina ganin harsashin gidaje da matakala da ta fara a tudu ta ƙarasa a ƙarƙashin teku. Tun 1990 wurin yana ƙarƙashin kariyar hukuma, an hana iyo a kan kangayen, ki gaya wa yaran tun da wuri. Tsallaken ruwa akwai ƙauyen Kalekoy, wanda mota ba ta shiga cikinsa. Akwai ganuwa a saman tudunsa, cikinta da wani ɗan ƙaramin dandalin kallo da aka sassaƙa a dutse, a ƙasa kuma ga wani akwatin gawa na dutse tsaye cikin ruwa. Hawan yana da tsayi, idan gwiwar Alhaji tana damunsa ya zauna a ƙasa ya sha askirim ɗin da matan ƙauyen suke yi, bai yi asara ba.

Hanyar Marmaris zuwa Fethiye kuma tana da Kaunos. Gulet zai tsaya a Ekincik, a zuba ku a kwale-kwalen inji a bi kogin Dalyan ta cikin ciyayi, har ku ga kaburburan sarakuna a sama a jikin dutse, masu ginshiƙai, na ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam. Abin da ya karya birnin mun san shi sarai: laka ta toshe tashar, wurin ya zama fadama, zazzaɓin cizon sauro ya addabi mutane. Tun a zamanin dā ana yi wa mutanen Kaunos ba'a da rashin lafiyarsu.

Ko ta ina kuka bi, ku ware yini guda a Bodrum saboda gidan tarihin da ke cikin ganuwar bakin ruwa. Ita kanta ganuwar mayaƙan Kirista ne suka fara gina ta a farkon ƙarni na 15, suka kwashi duwatsun kabarin Sarki Mausolus, wanda ya mutu a shekara ta 353 kafin haihuwar Annabi Isa, suka sa a bangonta. Shi ya sa idan kin je inda kabarin yake, wanda ake lissafawa cikin abubuwan al'ajabi bakwai na duniyar dā, rami da 'yan duwatsu za ki tarar. Bayan Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ya ci tsibirin Rodos, cibiyar waɗannan mayaƙan, a 1522, ganuwar ta koma hannun Musulmi, aka mayar da cocin cikinta masallaci. Abin da ya fi tsayar da ni a ciki shi ne kayan jiragen da suka nutse. Akwai na Uluburun, wanda wani mai nutso neman soson teku ya gano kusa da Kas a 1982. Jirgi ne na ƙarni na 14 kafin haihuwar Annabi Isa, yana ɗauke da jan ƙarfe kusan tan 10 da kuza kusan tan 1, wato daidai haɗin da ake yin tagulla. Cikin kayansa har da hauren giwa, da haƙoran dorina, da ɓawon ƙwan jimina, da baƙin katako daga Afirka. Akwai kuma na Serce Limani, na ƙarni na 11 na miladiyya, wanda ya ɗauko gilashin ƙasashen Musulmi daga gaɓar Sham, tan-tan na fasassun kwalabe da za a je a narke. Wanda ya ga waɗannan kafin ya shiga jirgi, da wani ido daban zai riƙa kallon kowace tasha.

Afisa, wadda Turkawa ke kira Efes, kada ki sa ta a lissafin ƙaramin jirgi. Kogi ya cike tasharta da laka, yanzu tana da nisan kilomitoci daga teku, kowa ta mota yake zuwa. Manyan jirage suna tsayawa a Kusadasi su juye mutane a bas-bas, da hantsi titin marmarar ya cika kamar an taso daga filin Idi. Ku kwana a garin Selcuk, ku shiga da an buɗe ƙofa, ku ga ɗakin karatu na Celsus da babban dandalin mai ɗaukar mutum kusan 25,000, ku fito kafin taron. A Selcuk ɗin akwai masallacin Isa Bey na 1375. Kusa da kufan kuma za a nuna muku wani kogo a ce na As'habul Kahfi ne. Akwai wani a Tarsus, akwai wani a Afsin, akwai wani a Urdun, kowanne mutanensa suna cewa nasu ne. Ku je ku gani, amma Allah ne Masanin inda yake.

Abinci ba matsala ba ne a ɓangaren Turkiyya. Kifi ne da kaza da ganye da man zaitun da burodi, naman alade ba abin da ake samu a irin waɗannan jiragen ba ne sai in wani ya nema musamman. Yaji ne babu, ki tafi da naki. Abin da zai fi damun ki shi ne abokan tafiya. Idan ɗaki-ɗaki aka sayar, za ku zauna mako guda da baƙi a tebur ɗaya, suna shan giyarsu, suna yini da kayan wanka. Mutane ne masu ladabi yawanci, amma jirgin ƙarami ne, babu inda za ka kau da kai. Shawarata ku nemi wani gida ko biyu da kuka saba, ku ɗauki jirgin gaba ɗaya. Idan aka raba kuɗin bai cika wuce na ɗaki-ɗaki da yawa ba, kuma ku ne za ku ce ga inda za a tsaya, ga abin da ba za a shigo da shi ba, mata su yi iyo a lungun da babu kowa. Salla kuwa da sauƙi: alƙibla tana kudu maso gabas, idan an ɗaure jirgi ba ya juyawa, ga sarari a gaba da za a shimfiɗa darduma. Yawancin tafiyar Asabar zuwa Asabar ce, kuma kusan kowane garin da za ku tsaya akwai masallaci kusa da tasha.

Kan batun Girka, a kula sosai. Tsibiran Kos da Simi da Rodos ana hango wasunsu daga gaɓar Turkiyya, kamfanoni kuma suna son haɗa su a tafiya ɗaya. Amma taka su yana buƙatar bizar Shengen, wato bizar haɗin gwiwa ta shiga ƙasashen Turai da yawa, har da Girka, kuma dawowa Turkiyya shiga ce ta biyu, wanda bizarsa ta shiga ɗaya ce ya maƙale. Idan fasfo ɗinku na gida ne kuma ba ku da biyun a hannu, ku zaɓi hanyar da ba ta fita ruwan Turkiyya ba, ku sa kamfani ya rubuta haka.

Kuɗin da za a faɗa muku da farko ba shi ne ƙarshe ba. Kuɗin shiga kufai daban yake, kuma na baƙi da Yuro ake ƙirga shi. Motar Patara da kwale-kwalen Dalyan sau da yawa daban ake biya, haka abin sha, haka alherin da ake yi wa ma'aikata ranar rabuwa. Ki tambayi awa nawa ake kunna na'urar sanyaya ɗaki, domin da janareta take aiki kuma da yawa suna kashe ta da dare. Ɗakunan ƙanana ne, ki bar manyan akwatuna a otal ki ɗauki jaka mai lanƙwasuwa. Takalmi ana cire shi a bakin jirgi, amma na hawa dutse mai kama ƙasa ya zama dole ga kowa, har da ke, domin marmarar da aka shekara dubu biyu ana takawa santsi gare ta. Idan kin samu jerin wuraren daga kamfanoni biyu ko uku, turo su in duba miki wanda ya fi ba kufai lokaci.