Amsar Gwaggo kan zancen yawon godiya

Ɗiyata amarya, ya baƙunta, ya maigidan naki. Na ga saƙonki, kince Mamarki ta tsare ki sai kin bi gida-gida kin yi ma mutane godiyar kayan biki, alhali ranar Lahadi kun fito gaban ikilisiya da baikon godiya, kin kuma ɗora a WhatsApp kowa ya gani, wai tunda komai daga Allah yake meye na wannan wahalar, ko dai ragowar Maguzanci ne muka riƙo. Toh zauna kiji.

Ba ruwan Maguzanci a ciki, ɗabi'ar Bahaushe ce, maƙwabtanmu Musulmi na yi mu ma muna yi. Ai kin tashi kin gani nan Katsina, da Babbar Sallah in yaro ya shigo da kwanon nama an rufe da faifai ba'a barinshi ya juya hannu wofi, sai an wanke kwanon an jefa ɗan abu ciki, shi kuma yaron a danƙa mashi tukuicinshi ko naira hamsin ce, in Kirsimeti ta zo shinkafarmu ta tafi gidajensu haka su ma za suyi ma yaranmu. Shi yasa Hausawa suka ce yaba kyauta tukuici. Kuma bata ƙare nan ba, washegari in kun haɗu da matar gidan sai kin ce an gode da ɗawainiyar jiya, in kuwa babba ce da ta girmi uwarki to ba ke kaɗai za ki ba, babba kike samu ya raka ki ya taya ki godiya, don bakin yarinya bai isa ya ɗauki nauyin kyautar tsohuwa ba.

Zancen komai daga Allah yake gaskiyarki ne, amma katifar nan da kike kwana kai ba daga sama ta faɗo ba, matan zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiya, ne suka yi karo-karo wata da wata suka saya, cikinsu akwai mai tuyar ƙosai akwai gwauruwa mai marayu. Allah ya so ki, sai ya bi ta hannunsu. Ki gode mashi ki tsallake hannun, anya? Rabinsu ma wayar da suke riƙewa bata hawa WhatsApp ɗin, balle su san kin rubuta wani abu.

Buɗe Luka sura 17 ki karanta. Kutare goma Yesu ya warkar, ya ce su tafi su nuna kansu ga firistoci, duk sun tafi, kuma ni dai bana jin taran nan basu ji daɗi a zuciya ba, wa zai rabu da kuturta bai yi murna ba. Guda ne kawai ya juyo da ƙafarshi ya faɗi gabanshi, Basamariye ma, sai da Yesu ya tambaya ina sauran taran. Wannan wurin tsofaffinmu basa karanta shi da wasa, saboda nan Babbar Ruga bayan gari turawan mishan na SIM suka riƙe asibitin kutare tun shekarun 1930, akwai iyalai cikinmu da daga can bangaskiyarsu ta faro. Lokacin da muke yara akwai wani dattijo da yatsunshi duk sun gutsure, kowace kaka sai ya kinkimo damin gero a ka ya kawo gaban majami'a, samari su taso za su karɓa ya hana, yace shi aka yi ma alheri shi zai kai da kanshi.

Ita kanta godiyar kaka da muke yi wajen Nuwamba ko Disamba haka take. Je ki Malumfashi ko Kafur ranar ki sha kallo, damman dawa da gero, buhunan masara, ƙwaryar gyaɗa, kaji ɗaure da tsumma har da akuya tana kuka ana wa'azi, mata na buga tulu suna rausaya har gaba. Wanda ya noma shi ke ɗaukowa gaban jama'a, kamar yadda Kubawar Shari'a sura 26 ta ce a sa nunan fari a kwando a kai. Yanzu ne ambulan ya yi yawa, ban ce laifi bane, ma'aikaci ba gona gareshi ba, amma ni har gobe nafi son in ga damin.

Abu ɗaya zan ja maki kunne, kar ki ɗauka biya za ki yi. Wasu amaren zamani sai su buɗe littafi, wance ta bada atamfa ta dubu kaza nima ranar bikin ɗiyarta sai in mayar da daidai ita, wannan adashi ne. Ƙaunar da Allah ya nuna mamu har ya bada Ɗansa wa ya taɓa biyanta? Tun muna masu zunubi aka yi mamu, ba don mun cancanta ba. To wadda ta kawo maki ludayi biyu ki durƙusa mata yadda za ki durƙusa ma wadda ta kawo firij, kar ma ki fara da gidan masu kuɗi, mutane na lura.

Ranar Asabar ki shirya da wuri kafin rana tayi zafi, ki sa zane da ɗankwali ba wandon nan naki ba, ki ƙulla cincin da dubulan da suka rage a leda-leda, goro kuma ni zan taho dashi saboda tsofaffi. Gidan shugabar zumuntar mata za mu fara, sai maƙwabciyar Mamarki Hajiya da ta kwana biyu tana maku girki, sauran ma jera a hanya. Ki ce ma angon shima ya nemo takalminshi, dangin babanshi ba ni zan kai ki ba.