Tambayi Likita: "Ai kowa a unguwarmu haka yake"

Wani matashi daga unguwar Ali Ɗan Sofo a Maradi: Likita, gidanmu na jikin injin niƙa, ba na samun barcin kirki, da safe in tashi da ciwon kai. Ƙarar injin ce?

Tana iya zama ita. Ku haɗu da maƙwabta ku je wurin mai unguwa a tsayar wa mai injin lokacin tashi. In ciwon kan ya kai mako biyu, je a auna maka hawan jini.

Wata uwa daga Bagalam: Maigidana yana da shekara 52, yana yawan ciwon ƙeya da jiri, amma ya ce lafiyarsa lau tunda yana fita kasuwa, kuma duk sa'o'insa haka suke. Autana ma da damina ba ya rabuwa da zazzaɓi da gudawa. Uwar mijina ta ce haƙori ne, duk yaran unguwa haka suke yi. In rabu da su?

Hajiya, kada ki rabu da su. Wannan magana ta "kowa haka yake" na fi jin tsoronta fiye da cutar kanta.

Mutum yana auna lafiyarsa ne da waɗanda yake gani kullum. In abokan majalisarsa duk suna dafe ƙeya, sai ya ɗauka girma ne ya zo. In kowane gida a layin akwai yaro mai zawo, sai a ce lokacinsa ne. Ga kuma aljihu: wanda sai ya fita zai samu na cefane ba ya yarda cewa ba shi da lafiya sai ya kasa tashi, domin kwanciyar yini guda tana nufin ba a ɗora tukunya ba. Ban ga laifin maigidanki ba. Amma yawan masu ciwo a unguwa ba shaida ba ce cewa ciwon ba komai ba ne. Shaida ce cewa akwai abin da kuke tarayya a kansa: kwatar da ruwa ke kwana a cikinta, sauro, juji a ƙofar gida, rijiya ko randar da ba a rufewa, masai kusa da ruwan sha. Ba mu manta da kwalarar 2018 da ta taso ta wajen Madarunfa ba, da wadda ta dawo a 2021.

Batun maigida. Hawan jini yakan yi shekaru bai nuna alama ba, mutum na ciniki yana dariya, sai rana ɗaya ɓarin jiki ya shanye. Awo ne kaɗai ke faɗa. In aka auna a ranaku daban-daban aka samu 14 bisa 9 (wato 140 bisa 90) ko sama, to hawan jini ne, ko yana jin ƙarfi ko ba ya ji. Awon bai kai minti biyar ba a CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa. Ki lallaɓa shi ya je cikin makon nan, a duba sukari ma. Ke kuma ki rage gishiri da dunƙule a miya. In kika ga baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, asibiti nan take, ba shafe-shafe, ba jiran gari ya waye.

Don Allah a raba shi da haɗin ƙwayoyin masu tire da ke yawo cikin rana. Wanda ke sayarwa bai san abin da ke ciki ba, balle mai sha. Wasu daga cikin magungunan ciwon jiki da suke zubawa a ƙullin suna ƙara hawan jini, suna cin ciki, suna lalata ƙoda. Na gaji da ganin magidanta ƙafa a kumbure bayan sun shekara suna haɗiyar "mai sa ƙarfi".

Yaro kuwa, a gaya wa Inna cikin ladabi: fitar haƙori ba ta kawo zazzaɓi mai zafi da gudawa ta kwana da kwanaki. Zazzaɓi da damina a Maradi, a fara zargin cizon sauro, a kai shi a yi gwajin yatsa kafin ya kwana biyu. Tun 2006 aka tsara duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocin gwamnati. Ko an ce ki sayo wani maganin a waje, ya fi kuɗin ƙarin jini sauƙi. Idan masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na wata-wata suka zo, ki karɓa, ki ba shi har kwana ukun. Ya kwana cikin gidan sauro. Gudawa kuma ruwan gishiri da sukari na asibiti da zinc, a ci gaba da nono da abinci. Kada a kai shi wurin wanzami a cire beli ko a tsaga dasashi, jinin da ya rage masa kaɗan ne. In ya ƙi shan nono, ko ya yi jijjiga, ko tafin hannunsa ya yi fari, ki ɗauke shi ko tsakar dare ne.

Wani ɗan kasuwa da ya koma unguwar Zariya: Tun da aka rufe iyaka a 2023 jarina ya karye, na sayar da gida na koma haya. Kullum jikina a mace, ƙirji na bugawa. An yi awo an ce ba komai. Ko sammu ne?

Alhaji, ban ga sammu a nan ba, kuma ba ƙarya kake ba. Bashi, rashin barci, da rabuwa da masallaci da majalisar da ka saba suna sauka a jiki kamar kowace cuta. Ka koma wurin likitan ka faɗa masa wannan ɓangaren labarin, damuwa tana da magani. Ka riƙa leƙa tsohuwar unguwarka. Tramol kuwa kada ka kusance shi. Ranar da ka ji rayuwa ta fita ranka, ka gaya wa wani na kusa, ku zo asibiti a ranar.

Wata amarya daga Ɗan Gulbi: Hayaƙin itace a ɗakin girki na sa ni tari.

Fito da murhun zuwa tsakar gida, kuma kada ki yi girki da goyo a cikin hayaƙi. Tarin da ya wuce mako biyu sai awon majina.