Tambaya da Amsa: Auna Ƙurar da Muke Shaƙa Dare da Rana

Tambaya: Kowa yana ganin hazo da idonsa in hunturu ya kama. Mene ne amfanin kafa na'urar da za ta yi ta auna iska ba tsayawa? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Malam, ido yana ganin ƙura ne in ta yi kauri, amma wadda ta fi illa ba ta ganuwa. Masana na raba ta gida biyu. PM10 ita ce ƙwayar da faɗinta bai wuce maikuron 10 ba (maikuron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), PM2.5 kuma bai wuce maikuron 2.5 ba, wato ta fi silin gashin kai siranta kusan sau 30. Wannan ƙaramar ce ke kutsawa can cikin huhu. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, matsakaicin PM2.5 na awa 24 bai kamata ya haura maikurogiram 15 (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowace mita kubik ta iska ba, na shekara kuma 5. Na PM10 kuwa 45 ne a yini, 15 a shekara.

Ka lura, duka waɗannan matsakaici ne. Wanda ya auna sau ɗaya da hantsi ya tafi, bai san komai game da yinin ba. A daren sanyi iskar ƙasa ba ta tashi sama, sai hayaƙin itace, na janareta da na ƙona bola ya kwanta a unguwa daga magariba har asuba. Sannan akwai baƙuwar ƙura da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, tsakanin Nuwamba da Maris. Da awon kowace awa a wurare da dama ake bambance su: in adadi ya tashi lokaci guda a Damagaram, Katsina da Kano, daga hamada ne, in a unguwa ɗaya ce kullum da yamma, a nemi mai laifi a kusa.

Tambaya: Makarantarmu na son sayen ƙaramar na'ura mai araha. Ina za mu kafa ta, kuma me ke lalata ta? Daga wata malamar kimiyya a Maraɗi.

Amsa: Malama, fara da sanin abin da za ku saya. Babbar na'urar da hukumomi ke dogaro da ita tana tara ƙura a kan zaren takarda, ta auna nauyinta duk awa, tana kuma buƙatar wuta tsayayya da ma'aikaci. Ƙananan kuwa, irin PurpleAir ko waɗanda AirQo na Jami'ar Makerere a Uganda ke ƙerawa, 'yar fanka ce a cikinsu ke zuƙo iska ta gifta hasken leza, sai na'urar ta ƙiyasta yawan ƙura daga yadda hasken ya warwatse. Ƙiyasi ne, ba awon nauyi ba, kuma a nan gizo ke saƙar.

Irin wannan ido na leza ya fi ganin hayaƙi. Manyan ƙwayoyin ƙurar hamada suna kuɓuce masa, don haka a ranar hazo mai tsanani zai iya nuna ƙasa da gaskiya sosai, musamman a PM10. Da damina kuma akasin haka ne: in danshin iska ya haura kamar kashi 75 cikin ɗari, ƙwayoyin kan sha ruwa su kumbura, adadi ya yi sama. Maganin duka biyun shi ne a ajiye ƙaramar kusa da babba na wasu makonni, a kwatanta, a fitar da lissafin gyara, ɗaya na rani ɗaya na damina. In babu babba a kusa, ku sayi mai ido biyu a ciki. Ranar da suka fara saɓa wa juna, ɗaya ya gaji, a canza shi.

Wajen kafawa, a ɗaga ta mita 2 zuwa 4 daga ƙasa, bakinta na kallon ƙasa, a inuwar da iska ke wucewa ta kowane gefe. A nisanta ta da ɗakin girki, bututun janareta da wurin ajiye babura. Mutane da yawa suna maƙala ta a inda soket yake, daga baya a tarar hayaƙin mai shayi aka yi wata shida ana aunawa.

Abin da ya fi kashe aikin shi ne wuta. Hazo na rage hasken rana, ƙura na rufe farantin sola, sai na'ura ta mutu a ranakun da aka fi buƙatarta. A sa batirin da zai ɗauki kwana 2 zuwa 3, a goge farantin duk mako, a share bakin na'urar da burushi mai laushi saboda yanar gizo-gizo da gidan zanzaro. A sa katin ajiya don kada bayanai su ɓace in sabis ya ɗauke. Yinin da bai samu awon awa 18 cikin 24 ba, kada a fitar masa da matsakaici. A duba agogonta ma: da yawa suna rubuta lokacin Girinwic, wato GMT, alhali Nijar da Najeriya na gaba da awa ɗaya.

Tambaya: Wayata na nuna lambar ingancin iska ta garinmu, ga shi ban taɓa ganin na'ura a nan ba. In yarda da ita? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Hajiya, inda babu na'ura a ƙasa, lambar daga tauraron ɗan'adam da lissafin kwamfuta take fitowa. Tana kama zuwan babban hazo, amma ba ta san hayaƙin layinku ba. Yawancin manhajoji na bin ma'aunin Amurka: 0 zuwa 50 lafiya lau, 101 zuwa 150 masu asma, yara da tsofaffi su yi hattara, daga 151 kowa abin ya shafa. A irin ranar nan a rufe tagogi, a yayyafa ruwa kafin shara, mai asma ya riƙe maganinsa kusa, wanda fita ta zama masa dole ya sa takunkumin N95 da ya manne fuska, domin na yadi da gefen mayafi ba sa tare ƙaramar ƙura.